Komawa Gida Bayan Ritaya: Abin Da Na Gani A Sanyinna

A Kaduna aka haife ni, can kuma na yi firamare, ban taɓa kwana bakwai a jere a Sanyinna ba sai a shekarar 2022, lokacin da mahaifina ya aje aiki ya kwaso mu kaf muka dawo gida. Tun da yake da yawa daga cikinmu 'ya'yan ma'aikata ne, kuma ko ba daɗe ko ba jima wannan rana za ta zo wa iyayenmu, na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda abin yake.

Bisa ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta ne aka yi wa doka a 2022 aka ƙara musu zuwa 65 ko 40. Baba ya kama aiki a 1987, saboda haka shekarun aiki ne suka cim masa. Game da fansho kuwa, tun dokar 2004 aka koma tsarin adashi, watau ana yankar wani abu daga albashin mutum, mai aikin ya ƙara nasa, a tara a asusu. Dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10. In mutum ya gama, sai a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa gutsuro masa wata-wata.

A takarda ke nan. Mu dai albashi ya tsaya, takardun Baba kuwa suka yi wata da watanni ba su fito ba, ga kuɗin haya na Kaduna ya zo wuya. Abin da ya cece mu shi ne ɗakuna uku da ya gina a filin gadonsu tun yana aiki, bana a sa tubali, baɗi a yi rufi. Da can Inna takan yi mita, wai ana zuba kuɗi a gidan da ƙadangaru ke kwana. Ranar da muka sauke kaya a ƙofarsa ba ta ce uffan ba.

Sanyinna tana cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato, kuma Tambuwal da Kebbe ɗan majalisar wakilai ɗaya suke aikawa Abuja. Tun da aka yanke Jihar Kebbi a 1991 muka zama mutanen bakin iyaka. Ƙasar noma ce, gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa a fadama. A nan ne sauƙin zaman ƙaramin gari yake: babu haya, hatsi kuwa daga rumbu ake ɗebowa.

To, amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Mutumin da ya yi shekara 35 bisa kujera bai san fartanya ba, dole ya ɗauki 'yan ƙwadago. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin ban-ruwan da Baba ya saya don noman rani ya koma cin kuɗi fiye da yadda ya yi lissafi. Kafin wannan ma, a farkon shekarar, ƙarancin takardun Naira ya sa dattijo ya wuni a layin masu POS don ya ciri kuɗinsa na kansa. Sa'an nan ga lafiya: yana da hawan jini, in ana son ganin babban likita sai an tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nauyin dangi. A wurin mutanen gari, wanda ya dawo daga birni mai kuɗi ne. Kullum da safe zaurenmu cike, wannan matarsa ta haihu, wancan yana son rancen iri. Wata rana ƙanensa ya ce, "Yaya, ai kai ne babba yanzu, wa za mu kai wa kuka?" Baba ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya fito da abin da ya sawwaƙa. Ni dai a ganina ya yi sakaci da bai riƙa zuwa gida a kai a kai tun da wuri ba, da sun san iyakar aljihunsa.

Yayata kuwa ba ta bar aikinta ba. Daga ɗaki take yi wa wani kamfani na Legas lissafi da kwamfuta, da faranti biyu na sola bisa rufi, in intanet ya yi rauni ta fito tsakar gida. Tsofaffin gidanmu har yanzu ba su yarda aiki take yi ba.

Ni ma na sha tawa. Makon farko a aji na ce "zan tafi", aka fashe da dariya, don a nan "tahi" ake cewa, "me" kuma "mi". Yanzu in na je hutu Kaduna, abokaina na can ne ke kirana Basakkwace.