Keke Zuwa Tasha, Jirgi Zuwa Aiki: Yadda Holan Ta Haɗa Biyun

A ƙasar Holan, kusan rabin fasinjojin jirgin ƙasa a kan keke suke isa tasha daga gidajensu. Ɗalibi da ma'aikacin banki da malamin jami'a duk layi ɗaya suke bi wajen ajiye keke da safe. Ƙasar tana da mutane wajen miliyan 18, kekunanta kuwa sun haura miliyan 20, don haka mallakar keken ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa mai mota a ƙofar gida zai bar ta, ya hau keke ya je ya kama jirgi.

Dalili na farko lissafi ne kawai. A minti goma, mai tafiya a ƙasa zai ci kamar mita 800, mai keke kuwa zai ci kusan ninki uku na haka. Idan tazara ta ninka uku, faɗin unguwannin da tasha ɗaya za ta ɗebi fasinja daga cikinsu ya ninka tara ke nan, ba tare da an ƙara ko taku ɗaya na layin dogo ba. Ga kuma tabbacin lokaci. Mai jiran bas yana iya rasa jirgi saboda jinkirin da ba shi ya jawo ba, mai keke kuwa ya san mintin da zai fita da mintin da zai isa. Ga ma'aikaci, wannan tabbacin ya fi sauri daraja.

Akan ce ai ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu. Gaskiya ne, amma a shimfiɗen take a 1971, shekarar da haɗarin mota ya ci rayuka sama da 3,000, ciki har da yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga. A 1973 kuma ƙasashen Larabawa suka sa wa Holan takunkumin mai, har gwamnati ta hana hawa mota ranar Lahadi. Daga nan birane suka shiga ware wa keke hanyarsa daban, aikin da aka yi shekaru ana yi.

Saura matsalar ɗaya ɓangaren: ka sauka daga jirgi, kekenka yana can garinku. A 2003 aka fara hayar keke a tashoshi da sunan OV-fiets, kamfanin jiragen ƙasa na NS ya karɓe shi a 2008. Da katin da ka biya kuɗin jirgi za ka ɗauki keke, ka yi awa 24 da shi a kan 'yan Yuro kaɗan. A 2019 an yi hayar waɗannan kekuna fiye da sau miliyan biyar.

Nasarar ta zo da nauyinta, kuma a bakin tasha ya faɗo. Keke ba ya cin wuri, amma dubban kekuna suna ci, a tsakiyar birni kuwa inda fili ya fi tsada. Utrecht ta kammala ma'ajiya mai hawa uku a 2019, tana ɗaukar keke 12,500, awa 24 na farko kyauta. Amsterdam da ta rasa fili sai ta haƙa ƙarƙashin ruwa a gaban babbar tasharta, ta buɗe ma'ajiyar keke 7,000 a Janairun 2023 a kan kuɗi wajen Yuro miliyan 60. A raba a gani: gurbin keke ɗaya ya tashi sama da Yuro 8,000, kuɗin da ya ninka darajar keken da za a jingine a wurin sau da yawa. Wasu gurabun ma tsofaffin kekuna ne suka tare su, waɗanda masu su suka ajiye don amfanin kwana ɗaya ko biyu a mako, ko suka watsar gaba ɗaya, sai ma'aikatan birni sun bi sun kwashe.

Akwai wani sauyin da ba a cika lura da shi ba. Mai keke yana da zaɓin tasha, sau da yawa yakan wuce ƙaramar da ke kusa da shi ya nufi babba, inda jirage masu sauri ke tsayawa. Manyan tashoshi sai ƙara cika suke yi.

Cikin jirgin kuwa Holan ba ta yi sassauci ba. A ranakun aiki an hana shiga da keke daga 6:30 zuwa 9:00 na safe da kuma 4:00 zuwa 6:30 na yamma, in ban da wanda ake naɗewa. Copenhagen ta Danmak ta bi wata hanyar, tun 2010 ta bar fasinjojin jiragen cikin gari su shiga da keke kyauta. Wannan ya fi wa mai keke daɗi, sai dai inda keke ɗaya ya tsaya, mutum biyu ko uku ne za su tsaya. A ganina, ga ƙasar da dubban ɗaruruwa ke zuwa tasha a kan keke kullum, Holan ce ta yi daidai: gara a kashe kuɗin a ma'ajiya da a cika tarago da ƙarafa.