Taurin jijiyoyin jini: yadda likita ke auna shi ba tare da tsaga jiki ba

Zuciya tana aiki kamar injin ban-ruwa. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda. Duk bugu ɗaya tana tura jini cikin jijiyoyi, su kuma su kai shi ko'ina cikin jiki.

Manoman rani na Jiratawa da na bakin gulbi a Tibiri sun san halin tiyo. Sabon tiyo yana da taushi. In ruwa ya taso da ƙarfi sai ya buɗe, in ya wuce sai ya koma. Wanda rana ta gasa yakan sandare, daga baya ya tsage. Haka jijiyar jini take. In ta yi tauri, zuciya tana wahala wajen turo jini. Ƙarfin bugun kuma yana isa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba sassauci. Ƙarshensa shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda.

Me ke kawo taurin?

Na farko tsufa. Sai hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan cin gishiri. Taurin ba ya zafi. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai san yana ɗauke da shi ba.

Yaya ake auna shi?

Mata da yawa a Maraɗi sun san eko, na'urar da ake duba ɗan tayi da ita lokacin awon ciki. Tana aika sauti wanda kunne ba ya ji. Sautin ya shiga jiki, ya dawo, kamar amsa-kuwwa cikin rijiya mai zurfi. Daga nan hoto ya fito a allo.

Da irin wannan na'ura ake iya duba jijiya. Likita ya shafa mai, ya ɗora kan na'urar a gefen wuya, sannan a matsematsi. Ya auna tsawon da ke tsakanin wuraren biyu. Na'ura kuma ta ƙidaya lokacin da bugun zuciya ke ɗauka kafin ya iso. In an ƙwanƙwasa bututun ƙarfe, nan da nan ake ji a ɗaya bakin. Tiyo mai taushi kuwa shanye bugun yake yi. Saboda haka, gwargwadon taurin jijiya, gwargwadon saurin bugun. Ga saurayi lafiyayye yakan yi wajen mita 6 a daƙiƙa guda. In ya wuce mita 10, likitoci suna ɗaukarsa alamar haɗari. Ba allura, ba yanka, ba zafi.

Me ya kamata mu yi?

Wannan awo aikin ƙwararrun likitocin zuciya ne. Amma akwai awo mai sauƙi kusa da kowa, watau awon tansiyo, domin hawan jini da taurin jijiya tare suke tafiya.

1. Ka je likita mafi kusa a auna ka, ko da kana jin garau. In awo ya kai 14/9 ko ya wuce, ka koma a sake.
2. A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya da kanwa ma a rage su, musamman kunun kanwa ga mai jego.
3. A bar taba, ta sha da ta ci.
4. Wanda aka ba maganin tansiyo kada ya daina don ya ji sauƙi, sai da izinin likita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.