KAYA DA INSHORA: GA MA'AIKATA MASU ZUWA ƘETARE

Sau da yawa in aka tashi ma'aikacin Gwamnati zuwa kwas ko taro a ƙetare, yakan zaci tun da Gwamnati ce ta biya kuɗin jirgi, to, ita ce ta ɗauki lamunin duk abin da ke cikin akwatinsa. Muna so mu faɗakar da jama'a, ba haka abin yake ba.

Kowane tikiti yana da iyakar kayan da za a ɗauka kyauta. Zamanin da jiragen BOAC ke sauka Kano, kilo 30 ne ga mai babban aji, na baya kuwa kilo 20. Yau kowane kamfani da tasa ƙa'ida. Abin da ya haura sai an biya, kada kuwa mutum ya sa rai ofis zai biya masa kuɗin tsaraba, sai fa in ya riƙe izini a rubuce.

Babbar magana ita ce ɓatan kaya. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Warso cikin 1929 da awo take biya, watau faran 250 na zinariya kowane kilo. Ashe ke nan akwatin da ke cike da manyan riguna masu aiki da wanda ke cike da tsummoki iyakar diyyarsu ɗaya ce, muddin nauyinsu ya zo daidai. Cikin 1999 aka yi sabuwa a Montiriyal ta Kanada, Nijeriya ma tana ciki. Ita wannan ba ruwanta da kilo, kowane fasinja take yanka wa iyaka. Cikin Disamba 2024 aka ɗaga iyakar zuwa SDR 1,519, wani ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wajen dalar Amurka 2,000 ke nan. Amma fa wannan ba kyauta ba ce, sai mutum ya nuna shaidar abin da ya yi hasara. Wanda kayansa suka fi haka daraja, sai ya bayyana tun wajen awo ya biya ƙari, ko ya yanki inshora tasa.

Akwai kuma wa'adi. Kayan da suka lalace, a rubuta ƙara cikin kwana 7 da karɓarsu. Waɗanda suka makara, cikin kwana 21. Mai jiran sai ya komo gida ya huta tukuna, sau da yawa ya makara.

Wanda aka sa cikin jirgin soja ko na Gwamnati kanta, ya tambaya tun kafin ya hau, gama yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa damar fitar da irin waɗannan jirage daga cikinta.

Inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta 2004 ta kawo, aƙalla ninki uku ce na albashin shekara, amma magada ake ba wa bayan rasuwa. Ba ta biyan asibiti a Faransa ko Jamus. Ƙasashen nan kuwa, da sauran na ƙawancen Shengen, sukan nemi inshorar jiyya ta Yuro 30,000 kafin su ba da biza, in ban da masu fasfo na jakadanci.