Me Ya Sa Ƙaninka Yake Cewa "Yuwa" Maimakon Ruwa?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kafin ka yi wa ƙaramin yaro dariyar tsamin baki, ɗora yatsanka a maƙogwaronka ka ja "sss", sannan ka ja "zzz". Ka ji wata 'yar karkarwa a na biyun? To, iskar da ta taso daga huhu ce take kaɗa tantani biyu da ke cikin maƙwallato. Daga nan sai harshe da leɓɓa da haƙora su tare iskar ko su matse ta, kowane harafi da wurin da ake tare shi. Wannan wurin shi malaman Tajwidi suke kira makhraji. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 Hijira, ya ƙirga guda 17. Tun kafin shi, a ƙarni na 2, Khalil ɗan Ahmad na Basra ya jera haruffan ƙamusunsa daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, ya fara da ainun.

Shi kuwa jariri daga leɓɓan yake farawa. Wajen wata 6 zuwa 10 za ka ji yana ta "bababa" da "mamama", don haɗa leɓɓa a buɗe ba wuya, kuma yana ganin yadda uwarsa take yi. Kan harshe ma yana shigowa da wuri: ta, da, na. Kalmar farko mai ma'ana takan zo wajen shekara 1, haɗa kalma biyu kuma wajen shekara 2. Amma "r" sai an sha fama. Mu Hausawa ma iri biyu gare mu: ta "ruwa" wadda harshe yake naɗewa ya bugo sau ɗaya, da ta "tara" ta lissafi wadda yake karkarwa. Yaro ɗan shekara 3 da ya ce "yuwa" ko "luwa" lafiyarsa lau, harshen ne bai gama ƙwarewa ba. Haka ƙ da ts, da sai an toshe maƙwallato an tunkuɗo iska.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunne. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun gwada jariran gidajen da Ingilishi kaɗai ake yi. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu sautukan Indiyanci da iyayensu ba sa jin bambancinsu, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Wato kunne ya riga ya zaɓi harshen gida tun yaro bai iya tafiya ba.

Ka ga ke nan dalilin da ɗalibi ɗan aji ɗaya yake karanta ث kamar س, ko ح kamar ه. Ba taurin kai ba ne, a kunnensa duk ɗaya ne. Kakanninmu ma haka suka yi: ض ta koma "l", shi ya sa muke cewa alwala da alƙali da larura, har harafin ma sunansa lodi a makarantar allo. Tsawa da bulala ba sa gyara wannan. Zaunar da shi gabanka, ya ga kan harshenka tsakanin haƙora, ya ji haruffan biyu a jere sau da yawa, sannan ya gwada. A gida kuma in ya ce "yuwa", kada ka kwaikwaye shi don wasa, ce masa "Ruwa kake so? Ga ruwa."

Sai dai in jariri ba ya waiwayen ƙara, ko yaro ya kai shekara 2 babu kalma ko ɗaya, a gaya wa iyaye su kai shi asibiti a duba kunnensa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnen yana zubar da mugunya.