Me ya sa inabi ke yi a ƙasar Zazzau?

A ƙasashe masu sanyi kamar Jamus, baƙi kan ziyarci gonakin inabi na kwarin Mosel, inda akasari giya ake yi da shi, wadda Musulunci ya haramta.

To amma a Kudan, arewa da Zariya, inabin na ci ne. Daga Hanwa kuwa tafiyar ba nisa.

Da yake babu sanyi irin na Turai da zai sa itacen ya huta, manoma ne ke datse rassansa domin ya yi sabon toho, 'ya'yan su nuna da rani.

Damina ce dai abin gudu, domin lema kan jawo cutar da ke ruɓar da 'ya'yan, manomi ya tashi a tutar babu.