FITOWA TA FI SHIGA WUYA: ƘA'IDODIN SOJOJI MASU NUTSO A RUWA

Ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutane fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo a Jihar Sakkwato ya kife da su. Kafin wannan, a watan Afrilu na 2022, mutum 29 ne suka rasu a irin wannan haɗari a Ƙaramar Hukumar Shagari. Duk lokacin da abu irin wannan ya auku, idon kowa yakan koma kan masu nutso, watau masunta da Sarkawan da suka gaji ruwa, tare da ma'aikatan ceto na gwamnati. A bakin gaɓa kuwa maganar jama'a ɗaya ce: "Ku yi sauri!"

To, 'yan'uwa masu karatu, sojan ruwa da ya koyi nutso, abu na farko da ake cire masa shi ne wannan saurin. Gama an tabbatar cewa zurfin ruwa ba shi kaɗai ke kashe mai nutso ba, yadda ya fito ma yana iya kashe shi.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Ruwa yana da nauyi ƙwarai. Duk mita 10 da mutum ya sauka, watau wajen ƙafa 33, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Saboda haka wanda yake mita 30 a ƙasa yana ɗauke da ninki huɗu na abin da muke ɗauka a tudu. Soja mai nutso kuwa yana shaƙar iska daga tukunyar ƙarfe da ke goye a bayansa, ko ta wata tiyo daga jirgi, kuma iskar tana shiga huhunsa da ƙarfi daidai da nauyin ruwan.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata wani sinadari ne da ake kira naitirojin, wanda jiki ba ya amfani da shi. A ƙarƙashin ruwa wannan sinadari yana narkewa cikin jini da kitse da tsoka kaɗan-kaɗan. Muddin mutum yana ƙasa ba ya jin komai. Amma ku tuna da kwalbar lemo: tana rufe ba ka ganin kumfa, da ka ɓalle murfin farat ɗaya sai ta tumfayo. Haka jinin mai nutso yake yi in ya taso da gaggawa. Kumfar takan tsaya a gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu ta kawo azabar ciwo, ko ta toshe jijiyar laka mutum ya shanye, ko kuwa ta kai ƙwaƙwalwa.

YADDA AKA GANO MAGANIN

Tun da daɗewa an lura da wannan ciwo a jikin leburori masu haƙa harsashin gada a ƙarƙashin kogi. Injiniyan gadar Brooklyn ta Amurka, Washington Roebling, shi kansa ciwon ya nakasa shi a 1872. A 1878 wani masani ɗan Faransa, Paul Bert, ya nuna cewa kumfar naitirojin ce sanadi. Daga baya rundunar sojojin ruwa ta Ingila ta nemi wani likita mai suna John Scott Haldane ya samo mafita. Shi da abokan aikinsa suka yi ta gwaji da awaki a cikin wani ɗakin ƙarfe da ake matsa wa iska, har a 1908 suka fitar da jadawali na farko mai nuna inda mai nutso zai tsaya a hanyarsa ta fitowa, da kuma minti nawa zai yi a kowane zango. Jadawalin da sojoji ke aiki da su a yau duk jikokin wannan ne.

DOKOKIN DA BA A KARYAWA

Littafin ƙa'idodin nutso na sojojin ruwan Amurka, wanda masu wannan aiki a ƙasashe da yawa ke dubawa, ya ƙayyade cewa kada mai nutso ya taso fiye da ƙafa 30, watau mita 9, cikin minti ɗaya. A da ƙafa 60 ne, a 1993 aka rage. A zurfin mita 18 mutum yana iya yin wajen awa ɗaya ya fito ba tare da tsayawa ba, amma a mita 30 minti 25 ne kacal. In ya zarce haka, tilas ya tsaya zango-zango, ko da sanyi yana kaɗa shi, har jikinsa ya amayar da iskar ta hanyar numfashi.

Bayan wannan akwai waɗansu dokoki. Ba a riƙe numfashi lokacin tasowa, gama iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta kafin a kai sama, tana kuwa iya fasa huhu. Ba a shiga ruwa sai da abokin tafiya ko igiya a jiki, wadda wani ke riƙe da ita a sama, suna magana da juna ta wurin jan ta. Kullum akwai wani soja zaune cikin kayansa, ba abin da yake jira sai a ce ɗan'uwansa ya shiga wahala. Akwai kuma shugaban aiki mai riƙe da agogo da littafi, yana rubuta lokacin shiga da zurfi da lokacin fita. In ya ce a fito, magana ta ƙare. Ana auna nutso na biyu da abin da ya rage a jiki daga na farko, kuma ba a hawa jirgin sama sai an huta sa'o'i masu yawa, sau da dama har kwana guda. Daga mita 30 zuwa ƙasa kuma naitirojin yakan bugar da mutum kamar giya, shi ya sa ba a bar wa wanda ke ƙasa yanke shawara shi kaɗai ba.

A nan Nijeriya, rundunar sojojin ruwa tana da makarantar koyar da aikin ƙarƙashin ruwa a Ojo da ke Legas.

LABARIN HARRISON OKENE

Babu labarin da ya fi bayyana nauyin waɗannan dokoki kamar na wani kuku ɗan Nijeriya mai suna Harrison Okene. Da asubahin 26 ga Mayu, 2013, jirgin da yake wa aiki, Jascon-4, ya kife a teku daura da Escravos ta Jihar Delta, ya sauka har mita 30 da mutum 12 a ciki. Okene ya lalubo wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da ruwan sanyi kusan sa'a 60, ba abin da ya sha sai kwalbar Coca-Cola guda. Ya ce addu'a ce ta riƙe shi, da wata Zabura da matarsa ta aiko masa ta waya. Masu nutso na wani kamfani, waɗanda suka sauka neman gawa, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama nasa.

To, a nan ne darasin yake. Mutumin da ya kwana biyu da rabi a inda doka ta ce minti 25, da an cillo shi sama nan take, da ya mutu a hannun masu cetonsa. Sai suka sa masa hular nutso, suka shigar da shi wani akwatin ƙarfe mai riƙe matsin iska, daga nan zuwa ɗakin matsin iska a cikin jirgi, inda ya sake yin wajen sa'a 60 ana rage matsin sannu a hankali. Shi kaɗai ya tsira. A 2015 shi ma ya zama mai nutso da takardar shaida.

ABIN DA YA SHAFE MU

Masuntanmu na Gulbin Rima da na Argungu da numfashi ɗaya suke nutso, don haka wannan ciwon kumfa ba kasafai yake samunsu ba. Nasu haɗarin shi ne suma a ƙarƙashin ruwa, musamman ga wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya shiga, ko wanda ake ta mayarwa ba hutu. Shi ma yana bukatar igiya da mai tsaronsa. Kada kuma wani ya yi dabarar ɗaura tiyo a injin hura taya ya shiga dam ko rijiya da shi. Hayaƙin injin yana kisa, wanda ya shaƙi iskar a ƙasa kuwa duk dokokin can sun hau kansa.

In mai nutso da tukunyar iska ya fito yana kukan ciwon gaɓoɓi, ko jiri, ko mutuwar ƙafa, kada a ce sanyi ne ko iskokin ruwa. A kwantar da shi, a ba shi iskar oksijin, a gaggauta kai shi ga likita, a kuma faɗi zurfin da ya kai da daɗewarsa.

Mu kuma da muke tsaye a gaɓa, zuciya tana ƙuna, mu daina ɗora wa masu ceto gaggawa, don kada gawa ɗaya ta zama biyu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda kuma zai hau jirgin ruwa a daminar nan, ya nemi rigar ceto, ya ƙi shiga in an cika lodi. Allah Ya kiyaye mu.