In salula ta ƙi raba intanet, a bi ruwa tun daga rijiya



A makarantarmu ta yaƙi da jahilci a nan Yauri, cikin gundumar Kance, ba kowa ke iya sayen intanet ba. Saboda haka mukan haɗa kuɗi mu zuba wa salula ɗaya, ita kuma ta raba wa sauran. Da haka wani ke jin muryar ɗansa da ke Aljeriya, wani ya tambayi kuɗin gyaɗa, wani ya nuna wa mai saye hoton rakensa.

Ran nan da yamma rabon ya tsaya cik. Wani ɗalibinmu makiyayi yana jiran saƙon ƙanensa daga Libiya, kan kuɗin da zai sayi dussar dabbobi. Mai salular ya ce ai ta lalace. Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Matamai. Ya biya kuɗin zuwa da dawowa, ya bar garkarsa yini guda ba ban ruwa. Mai gyara bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wuri guda ya taɓa da yatsa, intanet ya dawo. Abin da ya sa na rubuta wannan ke nan, don kada irin wannan hasara ta sami wani.

Yadda abin yake

Rabon intanet kamar ban ruwan garka ne. Eriyar kamfani ita ce rijiya. Salula mai rabawa ita ce guga. Wifi shi ne magudanar ruwa. Salulolin da ke karɓa su ne fangali. In fangali ya bushe, mai hankali ba ya fara da zargin guga. Rijiya yake leƙawa tukuna. Mu ma haka za mu bi, daki-daki.

Na 1: Rijiya

A ƙasarmu kamfani 4 ne ke sayar da layin salula: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecoms da aka kafa a 2016 da aka haɗe Sonitel da Sahelcom. Ko na wane kake riƙe da shi, ka fara gwada salularka ita kaɗai. Aika saƙo ɗaya. In bai tafi ba, ba abin da za ka raba wa kowa.

Dubi saman gilashi kusa da sandunan rezo. In ka ga 4G ko 3G ko H, akwai ruwa. In ka ga E, ruwan ya ja baya ƙwarai, ba zai ishi mutum biyu ba. Fita fili, ko ka hau tudu.

Sannan ka tambayi sauran meganka. Forfe yana ƙarewa ta hanya biyu: ko mega ta ƙare, ko kwanakinsa su cika. In salularka mai layi 2 ce, tabbata intanet yana kan layin da ka zuba wa kuɗi. Mu da ke kusa da iyakar Najeriya kuma, wani lokaci salula kan kama rezon can. Harafin R yakan fito. In ka gan shi, shiga wurin zaɓen rezo ka zaɓi na gida da hannunka.

Na 2: Guga

Yawancin salulolinmu Faransanci suke yi. Wurin rabon an rubuta shi "Point d'accès mobile" ko "Partage de connexion". Duba ko a kunne yake, don yakan kashe kansa in an yi ƴan mintoci ba wanda ya shiga.

Akwai kuma wani wuri mai tsimin mega, "Économiseur de données". A saloli masu Android da yawa, in yana kunne, rabo ba ya tashi sam. Wannan shi ne ciwon salular ɗan'uwanmu. Yaro ne ya taɓa shi wajen wasa. Mai tsimin batir ma yakan tsai da rabo, sai a kashe shi.

Rabon intanet yana shan batir, yana kuma sa salula zafi. In ta yi zafi da yawa takan dakatar da shi da kanta. Kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin matashi. A ajiye ta a inuwa ta huce.

Na 3: Magudana

Wifin salula ba ya nisa. A fili yakan kai kamar mita 10 ko fiye kaɗan. Katangar ƙasa da ƙofar kwano suna rage shi. Ku matso kusa.

In sunan mai rabawa bai fito ba a salularka, alhali ya fito a ta wasu, a duba lambar hanya. Hanya 2 ce: 2,4 da 5. Tsofaffin saloli da yawa ba sa ganin ta 5. Mai rabawa ya mai da ita 2,4. Ita ce ma ta fi nisa.

Kalmar sirri ba ta kasa harafi ko lamba 8. Babban harafi daban, ƙarami daban. A nan ne karatunmu ke amfani. Wanda ya san A daga a ba ya neman a buga masa.

Na 4: Fangali

In an sake kalmar sirri, salularka tana nan riƙe da tsohuwar. Taɓa sunan, ka zaɓi "Oublier", wato a manta, sannan ka buga sabuwar. Rabo kuma yana da iyaka, yawanci bai wuce salula 10 ba. In mutum ɗaya yana kallon bidiyo, shi zai shanye ruwan kowa. Ku yi ƙa'ida: saƙon murya tukuna, kallo daga baya.

In duk wannan bai yi ba

Taɓa hoton jirgin sama, ka ƙirga 20, ka sake taɓa shi. In bai yi ba, a kashe salulolin duka biyu a sake kunnawa. Amma kada ka yarda wani ya wanke maka salula gaba ɗaya. Hotunanka da saƙonninka za su tafi, wataƙila har da lambobin ƴan'uwa.

Wani lokaci kuma laifin ba a garinmu yake ba. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasashe da yawa sun wahala, har da Nijar da Najeriya. A irin wannan rana ba mai gyaran da zai iya kome. Tambayi maƙwabcinka. In nasa ma ya tsaya, haƙuri ne magani.

Sai ka bi waɗannan duka, ko kuma salula ta faɗi ƙasa ko ta sha ruwa, sannan ka nufi mai gyara.

Makiyayin namu ya ji saƙon ƙanensa, ya sayi dussarsa ranar kasuwa. Yanzu mun rubuta kalmomin nan na Faransanci a allo, kowa ya kwafe a littafinsa. Ku ma ku kwafe, ku karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Malamin yaƙi da jahilci, Yauri